Yadda Ake Auna Dawowar Haske a Madubi, da Yadda Ake Haɗa Madubin Leƙe

Duk abin da madubi ke yi, tun daga nuna wa mutum fuskarsa har zuwa nuna wa direba motar da ke tafe a bayansa, a kan ƙa'ida ɗaya tak ya rataya: yadda haske ya karkato ya faɗa wa madubi, haka zai karkata ya bar shi. Kusurwar zuwa daidai take da kusurwar komawa. Ɗalibai da yawa sun haddace wannan jimla, sun rubuta ta a jarrabawa sun ci, amma ba su taɓa sa hannu sun auna ta ba. Ni a ganina wanda bai auna ba bai gama saninta ba, domin ranar da aka ce ya kafa madubi biyu su yi aiki tare, a nan zai cije. Shi ya sa na kasa aikin nan gida biyu. Za mu fara auna ƙa'idar da allura da takarda, daga nan mu ɗauke ta mu gina na'urar da ake kira feriskof, wato madubin leƙe, wadda ke nuna wa mutum abin da ke bayan katanga ba tare da ya ɗaga kai ba.

Akwai abu biyu da ya kamata su zauna a ranka tun kafin ka taɓa madubi. Na farko, haske a miƙe yake tafiya muddin bai haɗu da abin da zai tare shi ba, kuma gudunsa a sarari ya kai kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda miƙewar nan ne za mu iya zana hanyarsa da rula. Na biyu, ido karɓar haske yake yi. Masana da dama na zamanin da sun ɗauka wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujja da gwaji cewa hasken daga abin da ake kallo yake tasowa ya shiga ido. A littafinsa Kitabul Manazir ya bayyana yadda ya gwada madubai iri-iri, miƙaƙƙe da mai rami da mai tudu, ya tarar duka ƙa'ida ɗaya suke bi. Girkawa sun san daidaiton kusurwoyin nan ƙarnuka kafin shi, shi kuma ya ƙera nasa kayan awo ya auna. Abin da za mu yi yanzu ƙanin wannan aikin ne.

Kayan aiki

Nemi ƙananan madubai biyu masu girma ɗaya, masu lungu huɗu, marasa firam. Ni zan yi lissafi da madubi mai tsawon santimita 10 da faɗin santimita 7, amma zan nuna yadda ake sauya lissafin idan naka ya bambanta. Sai farar takarda, kwali mai kauri da allura za ta iya tsayawa a kansa, allurai huɗu masu kai, rula, fensir mai tsini, da ma'aunin kusurwa, wato rabin da'irar nan ta roba mai lambobi daga 0 zuwa 180 da ke cikin akwatin lissafi na 'yan makaranta. Don ginin na'urar kuma sai babban kwali, reza ko almakashi, gam, salatif, da baƙin fenti ko baƙar takarda. Tun kafin komai, bi gefunan madubin da salatif ka rufe su, don bakin gilashi yana yanka fiye da yadda ake zato.

Aiki na farko: auna kusurwa

Shimfiɗa takarda a kan kwali ka danne ta kada ta motsa. Ja miƙaƙƙen layi a gicciye kusa da samanta. Wannan shi ne layin madubi. A tsakiyar layin sa ɗigo. Ɗora ma'aunin kusurwa a kan ɗigon, ka nemi digiri 90, ka ja layi daga ɗigon ya sauko wajenka. Wannan layi na biyu za mu riƙa kiransa layin tsakiya, kuma daga gare shi ake auna kowace kusurwa a wannan fanni. Masu koyo sukan yi kuskuren aunawa daga fuskar madubi. A miƙaƙƙen madubi wannan ba zai ɓata amsa ba, amma a madubi mai lanƙwasa babu wata miƙaƙƙiyar fuska da za a auna daga gare ta, don haka gara hannu ya saba da layin tsakiya tun yanzu.

Daga layin tsakiya, auna digiri 30 ta hagu, ka ja layi daga ɗigon ya bi ta nan. Wannan ita ce hanyar hasken zuwa. Soka allura biyu a kan layin, a tsaye cak, tsakaninsu ya kai aƙalla santimita 5. Nisa tsakanin alluran yana da muhimmanci: idan suna kusa da juna, ɗan kuskuren da bai kai milimita ba zai karkatar da layi gaba ɗaya.

Yanzu tsayar da madubin a kan layinsa, ka jingina shi da wani abu mai nauyi ta baya. Ga wurin da ake yawan tuntuɓe: bayan madubin za ka daidaita da layin, ba gabansa ba. Gilashin da kake taɓawa sutura ce kawai. Ainihin madubin siririn shafen ƙarfe ne, azurfa ko alminiyam, da aka yi a bayan gilashin aka rufe shi da fenti. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya fito da hanyar shafa azurfa a gilashi a 1835. Idan kana son ka tabbatar, ɗora tsinin fensir a kan madubi ka duba ta gefe. Za ka ga tsinin bai taɓa hotonsa ba, akwai ɗan gibi a tsakani, kuma kaurin gilashin ne ya kawo shi.

Koma ɓangaren dama na layin tsakiya, ka sunkuya har idonka ya zo daidai da takarda, ka rufe ido ɗaya. Cikin madubi za ka hango hoton alluran nan biyu. Riƙa matsar da kanka a hankali, hagu da dama, har hoton ta gaba ya rufe na ta baya, su zama kamar allura ɗaya. Kada ka motsa. Ɗauki allura ta uku ka soka ta a takarda inda za ta rufe su duka biyun. Sai ta huɗu, ka soka ta kusa da idonka, inda ita ma za ta rufe ukun. Gindin alluran za ka riƙa kallo, don kai yana iya karkacewa, amma gindi yana nan inda aka soka shi. Idan aikin ya yi kyau, allura ɗaya kawai za ka gani a gabanka alhali huɗu ne a jere.

Ɗauke madubi, cire allura ta uku da ta huɗu, ka haɗa ramukansu da rula, ka zarce da layin har ya kai layin madubi. Auna kusurwar da ke tsakaninsa da layin tsakiya. Za ka samu 30, ko 29, ko 31. Sake yi da digiri 45, sannan 60, kowane a sabuwar takarda, ka rubuta abin da ka samu ko da bai yi maka daɗi ba. Idan ratar ta wuce digiri biyu, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya faru: madubi ya zame daga layi, ko ya jingina baya bai tsaya cak ba, ko kuma kai ne ka motsa tsakanin allura ta uku da ta huɗu. Kada ka gyara lamba da fensir, sake gwajin. Za ka iya lura kuma layukan biyu sun haɗu ɗan gaba kaɗan da layin madubi. Wannan ba laifinka ba ne. Haske yana ɗan lanƙwasa idan ya shiga gilashi, ya kuma warware idan ya fito, don haka mahaɗar takan ɗan gusa amma kusurwar ba ta sauyawa.

Me ya sa takardar da ke ƙarƙashin hannunka ba ta nuna fuska, alhali ita ma fara ce tas, tana mayar da haske da yawa? Ita ma ƙa'idar nan take bi. Sai dai fuskarta cike take da tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗan wuri da inda ya fuskanta, sai hasken ya watse ko'ina. Haske yana da igiya kamar ta ruwa, kuma zangon igiyar hasken da ido ke gani, wato nisan tudu ɗaya zuwa na gaba, tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ƙanƙantar da za a jera wajen 2,000 a cikin milimita ɗaya. Sai abu ya yi santsin da tudunsa bai kai wannan ba kafin ya zama madubi. Kwantaccen ruwa yakan kai, shi ya sa yake nuna sama, da iska ta kaɗa shi kuma hoton ya tarwatse.

Ina hoton yake?

Wannan gwajin gajere ne. A sabuwar takarda, soka allura ɗaya santimita 8 a gaban layin madubi. Daga hagu, kalli hotonta, ka jera allura biyu su rufe shi, ka ja layi. Koma dama ka sake yin haka. Ɗauke madubin ka zarce da layukan biyu zuwa bayan layin madubi har su haɗu. Auna: mahaɗar tana wajen santimita 8 a baya. Babu hasken da ya taɓa zuwa wurin. Ƙwaƙwalwa ce ta saba haske a miƙe yake zuwa, sai ta bi layin da ya shigo ido ta koma da shi baya, ta ajiye hoton a can.

Daga nan ake gane wani abu da mutane ke musu a kai. Tsaya gaban madubin bango, rufe ido ɗaya, ka sa alama da sabulu a inda ka ga saman kanka da inda ka ga haɓarka. Auna tsakaninsu, za ka tarar rabin tsawon fuskarka ne. Ja da baya taku uku ka sake dubawa, fuskar tana nan cike da tsakanin alamomin. Saboda madubi kullum a tsakiyar hanya yake tsakaninka da hotonka. Mai tsawon santimita 170 madubi mai santimita 85 ya ishe shi ya ga kansa daga sama har ƙasa, in an rataye shi daidai, kuma ja da baya ba ya ƙara masa komai.

Gwajin da ya fi shafar ginin

A nan nake so ka daɗe. Koma takardar digiri 30. Mayar da allura ta ɗaya da ta biyu cikin ramukansu na da. Ja sabon layin madubi ta kan ɗigon nan, wanda ya juya digiri 10 daga tsohon, ta yadda fuskar madubin za ta ƙara kauce wa alluran. Tsayar da madubi a sabon layin, ka sake neman hasken komawa da allura ta uku da ta huɗu. Auna tsakanin tsohon layin komawa da sabon. Madubi ya juya 10, amma haske ya juya 20.

Dalilin a fili yake idan ka bi shi a hankali. Da madubi ya juya, layin tsakiya ya juya tare da shi. Kusurwar zuwa ta tashi daga 30 ta koma 40. Dole kusurwar komawa ita ma ta zama 40. Da can tsakanin zuwa da komawa 60 ne, yanzu 80. Ƙarin ya shiga sau biyu, sau ɗaya a zuwa sau ɗaya a komawa. Ma'anar wannan ga mai gini ita ce duk kuskuren da ya yi wajen kafa madubi, haske zai ninka masa shi. Madubin leƙen da na fara haɗawa da ido na kafa madubansa, ina ganin ai sun yi daidai. Da na leƙa, bangon kwali kawai na gani da ɗan tsagin haske a gefe. Sai da na dawo kan wannan gwajin na gane abin da ya faru.

Aiki na biyu: gina madubin leƙe

Tsarin na'urar shi ne dogon bututu mai bango huɗu, da taga a sama ta gaba, da wata tagar a ƙasa ta baya. Haske ya shigo ta tagar sama a kwance, madubin sama ya karya shi ya sauko a tsaye, madubin ƙasa ya sake karya shi ya fita a kwance zuwa ido. Kowace karya digiri 90 ce. Tunda zuwa da komawa daidai suke, kowanne ya ɗauki rabi, wato 45. Daga nan lambar ta fito, kuma babu wata da za ta maye gurbinta.

Fara da lissafin faɗin bututu. Madubin da ya kwanta a digiri 45 ba ya cin tsawonsa duka. Raba tsawonsa da 1.41 ka samu zurfin da yake bukata daga bangon gaba zuwa na baya. Madubi mai santimita 10 yana bukatar 7.1. Faɗinsa kuma 7 ne, sai a ƙara ɗan sarari don ya shiga ba tare da matsi ba. Saboda haka kowane bango ya zama santimita 7.2 ta ciki. Idan madubinka 14 ne, zurfin zai zama kusan 10, faɗin kuma gwargwadon faɗin madubin.

Yanke kwali mai tsawon santimita 50 da faɗin 30.8. Ja layuka huɗu a tsaye, su raba shi zuwa bango huɗu masu 7.2 kowanne, da ragowar santimita 2 a ƙarshe wadda za a shafa wa gam. Sa musu lamba 1, 2, 3, 4. Bi layukan da bayan reza ka danna ba tare da ka yanke ba, don kwalin ya naɗu a miƙe. Idan kwalin mai kauri ne, ƙara milimita biyu a kowane bango, domin naɗi yana cin wuri. Naɗe shi na gwaji ka zura madubi ka ga ya shiga kafin ka ci gaba.

Buɗe shi kuma. A bango na 1, yanke taga a can sama, tsawonta santimita 7, faɗinta 6. A bango na 3, yanke irinta a can ƙasa. Bango na 1 da na 3 su ne za su fuskanci juna idan an naɗe, don haka taga ɗaya za ta kalli gaba, ɗaya ta kalli baya. Shafe duk cikin kwalin da baƙin fenti marar ƙyalli, ko ka manna baƙar takarda. Kada ka tsallake wannan. Farin bango yana watsa hasken da ya ɓace hanya, ya shiga ido tare da hoton, sai ka ga kamar hazo ya rufe komai.

Yanzu matashin da madubi zai kwanta a kai, kuma nan ne zuciyar aikin. Ba sai da ma'aunin kusurwa ba, akwai hanyar da ta fi shi aminci. Yanke murabba'i biyu na kwali mai kauri, kowane gefe 7.2. Tabbatar murabba'i ne na gaskiya: auna daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa ta hanyoyi biyun, dole su zo ɗaya. Sai ka yanka kowanne a karkace daga lungu zuwa lungu. Ka samu alwatika huɗu, kowace da lungu ɗaya mai digiri 90 da biyu masu 45 cif. Idan kwalin bai yi kaurin da zai riƙe madubi ba, yanke ninki biyu ka manna su.

Manna alwatikan a cikin bango na 2 da na 4, biyu a sama biyu a ƙasa. Ƙa'idar wurin manna su ɗaya ce: lungu mai digiri 90 ya zauna a ƙuryar da ke nesa da taga. A sama, tagar tana bango na 1, don haka lungun zai shige ƙuryar sama ta wajen bango na 3. A ƙasa, tagar tana bango na 3, lungun zai shige ƙuryar ƙasa ta wajen bango na 1. Dogon gefen alwatika shi ke kallon taga, kuma a kansa bayan madubi zai kwanta. Naɗe kwalin ka riƙe da hannu ka duba kafin gam ya bushe, don a shimfiɗe abu ne mai sauƙi a juya ɗaya ta koma baibai. Idan komai ya zauna, madubin sama zai kalli taga ya kuma kalli ƙasa, na ƙasa zai kalli tagarsa ya kuma kalli sama.

Naɗe bututun ka manna ragowar santimita biyun. Zura madubai ta bakin sama da na ƙasa, ka liƙa su a kan matasansu da salatif tukuna, ban da gam. Leƙa ta tagar ƙasa. Abin da ya kamata ka gani shi ne madubin sama zaune a tsakiyar madubin ƙasa, bango baƙi ya kewaye shi daidai ta kowane gefe, a cikinsa kuma abin da ke gaban na'urar. Sai ka gamsu da wannan sannan ka sa gam, ka rufe bakin sama da na ƙasa da murfin kwali.

Idan bai yi ba

Idan bango ya cinye rabin hoton ta sama ko ta ƙasa, kusurwar madubin ƙasa ce ta kauce. Tsakanin cibiyar madubai biyun kusan santimita 43 ne. Kuskuren digiri 2 a madubi ya zama 4 a haske, kuma a wannan nisan ya isa ya gusar da hasken wajen santimita 3, kusan rabin faɗin hanyar. Cusa siririyar takarda a ƙarƙashin gefe ɗaya na madubin, ka leƙa, ka ƙara ko ka rage. Idan kana ganin madubin sama sosai amma yana nuna maka sama ko ƙasa maimakon abin da ke gaba, na saman ne ke bukatar gyara. Idan hoton ya karkace kamar zai zube gefe, matashi ɗaya ya fi ɗan'uwansa tudu.

Akwai abubuwan da ba kuskure ba ne, halin kayan ne. Idan ka kalli fitila cikin duhu za ka ga wani dusashen hoto a gefen na ainihi. Fuskar gilashi ita ma tana mayar da ɗan haske, kusan kashi 4 cikin 100, kafin sauran ya kai ga ƙarfen baya. Shi ya sa madubin na'urorin hangen taurari ake shafa masa ƙarfen a gaba. Hoton kuma zai ɗan fi na ido duhu, don madubin da ke mayar da kashi 90 idan aka bi ta kansa sau biyu saura 81.

Za ka ji sha'awar ƙara tsawon bututun. Yi lissafi tukuna. Duk abin da kake gani ta cikin madubin sama yake zuwa, kuma shi kamar taga ce mai santimita 7 da ke rabin mita daga idonka. A nisan mita 10, faɗin abin da za ka gani kusan mita 1.4 ne. Ka ninka tsawon bututu, ya koma santimita 70. Sojojin da suka yi amfani da irin wannan na'ura a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, gajeru sun ishe su. Amma ta jirgin ruwa mai nutso, wadda tsawonta ya kai mitoci da yawa, sai da aka haɗa mata da gilasai masu tara haske a cikin bututun. Ga mai gini da kwali, tsakanin santimita 40 da 60 ya fi daɗin kallo.

Kada ka taɓa fuskantar da ita ga rana, ko ka bari wani ya haska leza, wato siririn hasken nan mai ƙarfi, ta ciki. Madubi ba ya rage zafin haske yadda zai kare ido. Kuma a kalli tsuntsu da ita, ko filin wasa ta saman kawunan jama'a, ban da leƙen inda mutane ke sirrinsu.

Riƙe takarda mai rubutu a gaban tagar sama. Za ka karanta shi sarai, alhali a madubi ɗaya da ya juye. Mutane kan ce madubi yana musanya hagu da dama, amma ka gwada: nuna hagu da yatsa a gaban madubi, hoton ma can ɓangaren yake nunawa. Nuna sama, ya nuna sama. Nuna madubin kansa, sai ya nuno ka. Gaba da baya yake musanyawa, kuma madubi na biyu yana warware abin da na farko ya yi. Wannan warwarewar ta dogara ne ga kwanciyar madubai biyun iri ɗaya. Idan ka juya na ƙasa ya kalli bango na 1, ka yanke masa taga a can don ka ga abin da ke bayanka, hoton zai zo kai a ƙasa, ƙafa a sama.

Kafin ka sa gam

Tunda madubai biyu suna hannunka, yi wannan kafin su shiga bututu. Haɗa gefunansu da salatif su buɗe kamar littafi, ka tsayar da su a kan ma'aunin kusurwa, ka sa allura a tsakiyarsu. A digiri 90 za ka ga hoto 3. A 60, hoto 5. A 45, hoto 7. Raba 360 da kusurwar ka cire ɗaya. Kowane madubi yana nuna allurar, yana kuma nuna hoton da ke cikin ɗan'uwansa.

Mayar da su digiri 90 ka kalli mahaɗarsu. Matsa hagu, matsa dama, fuskarka tana nan a kan mahaɗar ba ta barinta. Haske ya bugi na farko, ya bugi na biyu, ya juyo ta inda ya fito, ko ta wane gefe ya zo. Idan aka ƙara madubi na uku a ƙasa suka zama kamar ƙuryar ɗaki, to ko daga sama ko daga ƙasa hasken ya zo, can zai koma. Jan abin nan da ke bayan keke, wanda ke ƙyalli idan fitilar mota ta same shi, ƙananan ƙuryoyi ne irin wannan jere a cikin roba. A watan Yuli na 1969 'yan sama jannatin kumbon Amurka Apollo 11 sun ajiye faranti mai irin waɗannan ƙuryoyi 100 na gilashi a duniyar wata. Har yanzu ana harba masa hasken leza daga ƙasa, ya je ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi, kuma da wannan awon aka gano wata yana nisantar duniya da kusan santimita 3.8 a kowace shekara.

Idan kana da madubi na uku, shimfiɗa shi a ƙarƙashin biyun, ka rufe ido ɗaya, ka kalli inda ukun suka haɗu. Idonka da ke buɗe za ka gani zaune a ƙuryar, kuma duk inda ka kai kanka yana nan a wurin.